Data na ƙarewa da wuri, anya ba maƙwabta ke shan wayfay ɗina ba?

Ɗan'uwa kana tambaya yadda za ka kulle rawutar shagonka don data na ƙarewa kafin wata. To fara da shiga cikinta, ka buɗe burauza a waya ka rubuta lambar da ke jikin takardar ƙasan rawutar, yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.8.1, a nan za ka ga duk wayoyin da suka hau.

Abu na farko canza faswod ɗin admin, wato na shiga saitin rawutar, don da yawa da "admin" suke zuwa daga kamfani kuma yaran unguwa sun sani. Sai na wayfay ɗin kansa, ka sa dogo, haruffa 12 ko fiye haɗe da lambobi, don Allah ban da lambar wayarka ko sunan shago. Wajen nau'in tsaron wayfay zaɓi WPA2, ko WPA3 in akwai, tsohon nau'in WEP kam an daɗe da fasa shi. Ka kashe WPS ma, wato hanyar hawa wayfay da danna maɓalli ko lambar PIN ba tare da faswod ba.

Amma wallahi inda aka fi cin mutane shi ne wanda ka sa wa faswod da hannunka, wayar Android tana fitar da QR, hoton da ake sikanin da kyamara mai ɗauke da faswod ɗin, ya ba abokansa su hau ba ka sani ba. Buɗe wa kwastomomi layin baƙi daban, kana canza faswod ɗinsu duk wata.