Amsoshin Tambayoyinku: Sabon Shiga Babbar Sakandare, Me Za a Zaɓa, Me Za a Saya?

Wasiƙun wannan karon daga iyaye da ɗaliban da ke shirin shiga babbar sakandare suka fito. Mun ɗauki guda huɗu da suka fi maimaituwa.

Tambaya: An ce mu zaɓi fanni kafin a koma makaranta. Abokaina duk kimiyya za su yi, ni kuwa har yanzu ban san abin da nake so in zama ba. In bi su?

Amsa: Ɗanmu, kada ka bi su don kawai su ne, domin ranar jarrabawa kowa da takardarsa. Rashin sanin abin da kake so a wannan shekarun ba aibi ba ne. Daga gaba za ka faro tunani, ka dawo baya. Ka rubuta sana'o'i uku da zuciyarka ke kwantawa da su, sannan ka nemi sharuɗɗan shiga kowane kwas a shafukan jami'o'i biyu ko uku. Ka jera darussan da kowanne ke nema, ka ja layi a ƙarƙashin waɗanda suka fito fiye da sau ɗaya. Yawanci likitanci da harhaɗa magunguna suna neman bayoloji da kemistare, injiniyanci ba ya yiwuwa sai da lissafi da fiziks, tattalin arziki da akanta da kimiyyar kwamfuta duk a kan lissafi suke tsaye, aikin lauya da jarida kuma suna son mai ƙarfi a harshe da rubutu.

Bayan haka ka ɗauko sakamakonka na shekaru biyu da suka wuce, ba na zango ɗaya ba. In lissafi yana ba ka wuya tun a matakin warware "x", ka san cewa fiziks a kansa yake hawa tun makon farko, kemistare ma da an kai ga lissafin mol, wato ma'aunin yawan sinadari, haka ne. Wannan ba ya nufin ka gudu. Yana nufin ka cike giɓin yanzu, kafin darasi ya yi nisa. Muna nanata wannan saboda sauya fanni a shekara ta biyu yana da ciwo: kowane babi a darussan kimiyya a kan na baya aka ɗora shi, wanda ya rasa shekarar farko zai yi ta bin jirgin da ya riga ya tashi. Idan har ka kasa yanke shawara, ka zaɓi haɗin da ya bar maka ƙofofi da yawa a buɗe, kuma kowane fanni ka shiga, kada ka saki lissafi da harshen da ake koyarwa da shi. Ka tambayi malamin ajinku har zuwa yaushe makaranta ke yarda a sauya fanni, ka rubuta ranar.

Tambaya: Yarona ya ce sai na saya masa kalkuleta ta kimiyya. Na ga iri-iri, wasu masu maɓallai rututu. Wacce ta dace?

Amsa: Hajiya, kafin ki sayi komai, a tambayi malamin lissafi wace iri hukumar jarrabawa ta amince da ita. Hukumomi da dama suna hana shiga da wadda ake iya adana rubutu ko shiri a cikinta, da wadda ke zana jadawalin lissafi a allonta, ga shi kuma su ne masu tsadar. Sai ki ga an kashe kuɗi, ran jarrabawa an karɓe ta a bakin ƙofa. Ta kimiyya mara adana shiri, irin jerin Casio fx-82, ta ishe shi har ya gama. Jerin fx-991 ya fi aiki, amma a tabbatar an yarda da shi tukuna.

Jabu sun yi yawa, araha kuwa ba ta ado, don haka a gwada tun a gaban mai sayarwa. A danna 2 + 3 × 4. In ta ba da 14, tana bin ƙa'idar fara ninkawa kafin tarawa. In ta ba da 20, ta lissafin yau da kullum ce, ba za ta yi masa aiki ba. Sai a danna sin 30, amsar ita ce 0.5. In kika ga -0.988, ba lalacewa ta yi ba, a ma'aunin radiyan take, wato wata hanyar auna kusurwa ban da digiri, za ki ga ƙaramin harafin R a saman allon maimakon D na digiri. Wannan ɗan harafi ya zubar wa ɗalibai da maki masu yawa, yaro ya bi hanya daidai amma duk amsoshin kusurwa su fito a karkace. Ya koyi sauya shi tun ranar farko. A kuma latsa kowane maɓalli a ji ko akwai mai maƙalewa, a karkata allon a ga ko lambobi suna dusashewa. Wadda zai shiga jarrabawa da ita, da ita zai riƙa aiki tun yanzu, domin hannu ya saba.

Tambaya: Ina karatu sosai, nakan maimaita babi sau uku, in shafa wa muhimman wurare kala, amma da an raba takarda sai kaina ya zama fayau. Akwai littafi ko manhajar waya da zan saya?

Amsa: 'Yarmu, riƙe kuɗinki, matsalar a salon karatun take. Idan ido ya saba da shafi, sai zuciya ta ɗauka ta iya, alhali gane abu a takarda daban, fito da shi daga ka daban. A 2006 masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada wannan. Ɗaliban da suka yi ta maimaita karatu sun fi tunawa bayan minti biyar, amma bayan mako guda waɗanda suka rufe takarda suka gwada kansu ne suka yi gaba. Tun 1885 ma Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a awannin farko bayan koyo, sannan ta rage sauri.

Ga yadda za ki yi amfani da wannan. A kowane shafi na littafin rubutunki ki ja layi daga sama zuwa ƙasa, ki bar kamar santimita 6 a gefe. Babban filin na abin da malami ya faɗa ne. Da yamma, a wannan ranar, ki cika ƙaramin filin da tambayoyi: "Me ya bambanta ƙwayar halittar tsiro da ta dabba?" Ki rufe babban filin da tafin hannu, ki amsa da baki ko a wata takarda, sannan ki buɗe ki duba. Wadda kika kasa amsawa, ki ɗiga mata alama. Ki sake bi bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata. Za ki ji ya fi karantawa wuya, kuma wuyar ce alamar yana shiga. Lissafi da fiziks kuwa ba a karanta su, da biro ake yin su: ki rufe misalin da aka warware, ki warware da kanki. Zama na minti 25 zuwa 30 da ɗan hutu na minti biyar ya fi awa uku ana hamma.

Kada ki sayar da barci don karatun dare. Likitocin barci suna ba mai shekara 13 zuwa 18 shawarar awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daddale abin da aka koya da rana.

Tambaya: Ina so in haɗa wa 'yata littattafai duka, da jaka da waya, kafin a buɗe makaranta. Da me zan fara?

Amsa: Malam, ka fara da littattafan rubutu, biro, fensir, akwatin kayan lissafi da jaka. Littattafan darasi a jira jerin makaranta, domin ana sauya bugu, wani lokacin har da tsarin babi. Na hannu ba laifi, in bugun ya dace da manhajar bana kuma shafukan atisaye suna nan cif. Littafin tambayoyin jarrabawar baya yana da amfani, sai dai akan sami kuskure a amsoshinsa, ta riƙa kai wa malami duk wadda ta yi shakka.

Waya za ta iya jira. In dole ce, kada ta kwana a ɗakin barcinta, kada kuma ta zauna a kan teburin karatu. Jaka kuwa a sami mai maɗauri biyu masu faɗi da laushi, a goya ta a kafaɗu biyu, manyan littattafai su jingina da baya. Nauyinta da kaya kada ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin yarinyar, wato mai kilo 50 ba za ta ɗauki fiye da kilo 5 zuwa 7 da rabi ba. In ka ga tana sunkuyawa gaba idan ta goya, a sauke a rage, ta riƙa duba jadawalin gobe tun da dare tana ɗaukar na ranar kaɗai.