Shin in kashe waya saboda haskokin sararin samaniya?

Tambaya: Malam, an turo mana saƙo a WhatsApp wai NASA ta ce daga 12:30 zuwa 3:30 na dare haskokin kosmik, wato ƙananan ƙwayoyi masu ƙarfi daga sararin samaniya, za su gitta kusa da duniya, kowa ya kashe waya. Mahaifiyata na fama da hawan jini a wani gari, ni take kira idan jikin ya tashi. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Allah Ya ba Mama lafiya. 'Yar'uwa, kada ki kashe.

An daɗe ana auna haskokin nan. Tun a Nuwamban 1963 Amurka ta harba tauraron ɗan Adam IMP-1, wanda ake kira Explorer 18, daga Cape Canaveral. Nauyinsa bai wuce na buhun siminti da ɗan ɗori ba, amma yakan lula kusan kilomita 200,000 ya dawo cikin kwana huɗu. Yakan fita daga garkuwar maganaɗisun da ke kewaye da duniya ya sake shigowa, na'urar masanin kimiyya Norman Ness tana auna maganaɗisun. Da shi aka zana inda iskar rana, wato ƙwayoyin da rana ke fesowa, mai gudun kusan kilomita 400 a daƙiƙa, ke cin karo da garkuwar ta kauce. Ya kuma ƙirga haskokin kosmik ɗin can waje.

To ga abin da ke ɓata min rai. Haskokin nan ba ayari ba ne da za a ce sun iso ƙarfe kaza. Dare da rana suke zuwa, ta kowace fuska, tun kafin a haifi kakanninmu. Garkuwar ta kore wasu, iskar da ke samanmu ta shanye mafi yawa, ɗan burbushin da ya rage yana ratsa jikinki yanzu haka ba tare da illa ba. Waya ba ta janyo su, kashe ta ba ya hana su. Mu ma da ke kusa da layin da ya raba duniya biyu (ikwaita), nan ne garkuwar ta fi tare su. Shekara da shekaru saƙon nan na yawo, kullum "yau da daddare", babu kwanan wata, kuma masu ilimi ne ke turawa da "don Allah a yaɗa". Mai naƙuda fa? Wanda ɓarayi suka shigar wa fa, ya kira maƙwabci ya ji a kashe?

Guguwar rana kuwa, wato lokacin da rana ta yi feshi mai ƙarfi, gaskiya ce: a Maris 1989 ta jefa Kwibek ta Kanada cikin duhu awa tara. Amma manyan layukan lantarki da taurarin ɗan Adam take taɓawa.

Ki yi cajin wayar, ki ƙara mata sauti, ki kira Mama yau ki tabbatar ita ma ba ta kashe tata ba.