Bororo a wuyan yaro: cizon gizo-gizo ne?

Maman yaro, kin ce ya wayi gari wuyansa ya yi bororo kamar ƙuna, kina zargin gizo-gizo. Da damina yawanci aikin hangara ne. Ba cizo take yi ba, ruwan jikinta ke ƙona fata idan aka murƙushe ta cikin barci, shi ya sa tabon kan zo kamar an ja layi. Cizon gizo-gizo kuwa jan kumburi ne guda ɗaya.

Ki wanke wurin da sabulu, ki ɗora tsumma mai sanyi. Don Allah kar a fasa bororon, kar a shafa toka ko man goge baki, kuma ki hana shi kai hannu ido.

In ya fara mugunya, jan yana yaɗuwa, ko zazzaɓi ya shigo, ku je asibiti. Kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi kuwa, a tafi nan take. Allah ya ba shi lafiya.