Saura wata huɗu mu tashi, kaya zan fara haɗawa ko me?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Maigidana ya samu aiki a wata ƙasa, an bamu biza ni da shi da yaranmu biyu, saura kamar wata huɗu mu tashi. Wallahi kaina ya ɗaure, ga gado ga kujeru ga firiji da kayan kicin, ban sani ba mu nemi kamfani ya ɗaukar mana su a kwantena ko mu sayar kawai. Kuma dan Allah me ya kamata mu fara yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sanya alheri, ya sa a tafi a sa'a. Baki faɗi ƙasar ba, dan haka zan faɗa miki abinda ya shafi kowa, inda na kawo misali da wata ƙasa kuma zan ambaci sunanta.

Maganar gado da kujeru ki ɗan ajiye ta gefe tukuna, zamu zo kanta. Kinga duk abinda kuɗi zai iya saya a can to ba shi bane abin gaggawa, abin gaggawa shine wanda ba'a iya samun sa sai a inda kike yanzu, kuma sai kin je da ƙafarki. Wannan kuwa takardu ne. Satifiket ɗin aure, takardun haihuwar yara, sakamakon makarantarsu, takardun karatunki da na maigida, katin rigakafi, takardar 'yan sanda mai nuna ba ku da tarihin laifi in ƙasar ta buƙata. In kika tafi baki da ɗaya daga ciki, abinda zaki yi cikin sati guda yanzu sai ya koma wata uku kina ta roƙon mutane ta waya su je miki ofis.

Yau ɗin nan ki fito da su gaba ɗaya ki shimfiɗa, ki duba suna harafi bayan harafi. Wannan shine abinda yafi wahalar da mutanen da nake taimakawa, kuma yana min ciwo saboda abu ne mai sauƙin gyara tun ana gida. Sunan uba a fasfo an rubuta shi da wata siga, a takardar haihuwar yaro da wata, ko ranar haihuwarki ta takardar makaranta ta saɓa da ta fasfo, ke a wajenki ba komai bane tunda kin san ke ce, amma ma'aikacin dake can bai sanki ba, takarda ya sani, in suka saɓa to a wajensa mutum biyu ne. Fasfo shine ma'auni, sauran su bi shi, inda ba'a iya sake takardar sai a yi rantsuwar kotu a haɗa.

Sannan takarda kawai bata isa ba, sai an tantance ta. Akwai yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Heg na ƙasar Holan a 1961, ƙasashe sama da 120 ne a ciki, Caina ta shiga a 2023, Kanada a 2024, tsakanin waɗannan ƙasashe hatimi guda ɗaya da ake kira afostil ya wadatar. Amma sai in ƙasar da ta bada takardar da wadda zaku je duk suna ciki. In ɗaya bata ciki to doguwar hanya za'a bi, hukumar da ta bada takardar ta buga, ma'aikatar harkokin waje ta buga, sannan ofishin jakadancin ƙasar da zaku. In yarensu daban ne kuma sai an fassara wajen tafintan da suka amince da shi, ba kowa ba. Takardar 'yan sanda ita kam kada ki yi saurin karɓa, wa'adinta gajere ne, ki tambayi watanni nawa suke yarda da ita sannan ki lissafa.

Ke kanki fa? Ki karanta abinda aka rubuta a bizarki da kyau, shin ta halatta miki aiki ko karatu, kuma me zai faru da ku in aikin maigida ya tsaya, dan irin wannan bizar yawanci a jikin tasa take rataye. In kina da niyyar aiki, masu auna darajar takardun karatu irin su WES na Amurka da Kanada yawanci basa karɓar sakamako daga hannunki, makarantar ce zata tura musu da kanta, kinga kenan tun kina kusa ya kamata ki bi. Ki kuma duba fasfon yara, nasu ya kan riga na manya ƙarewa, kuma ƙasashe da yawa suna son ya rage aƙalla wata 6.

Ɓangaren lafiya, a karɓo tarihin rigakafin yara a rubuce, makarantu na tambaya kafin su ɗauki yaro. In ana buƙatar allurar shawara to katin baya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta, amma tun 2016 sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Wanda yake shan magani kullum ya tafi da na wata biyu ko uku a kwalinsa na asali da wasiƙar likita mai ɗauke da ainihin sunan maganin ba sunan kamfani ba. Kuma a bincika, maganin da ake sayarwa a fili a wata ƙasa laifi ne a wata, a Dubai misali masu kodin ko tiramadol sai da izini tun kafin a shiga. Inshorar lafiya ma ki tambayi ranar da zata fara, a lardin Biritish Kolombiya na Kanada sabon zuwa sai ya jira kusan wata uku, to wannan giɓin sai an saye masa inshora ta wucin gadi, da yara a hannu ba'a wasa da shi.

Toh yanzu kaya. Ra'ayina a fili, in ba wurin aikin maigida ne zai biya ba, ki sayar da gado da kujeru. Baki san girman gidan da zaku samu ba, wani ma da kayansa za'a baku. Firiji da injin wanki kuwa sun fi komai asara, wutar Amurka da Kanada bolt 120 ce, ta Turai da yawancin duniya 220 zuwa 240, ga bakin soket daban. Cajar waya da ta kwamfuta in kika duba jikinsu zaki ga an rubuta 100 zuwa 240, su adafta kawai suke so.

In kuma akwai abinda ranki bazai iya rabuwa da shi ba, kwantena mai ƙafa 20 tana cin kamar kubik mita 33, mai ƙafa 40 ninki biyu, kuma ba dole sai kin ɗauki guda ba, ana haɗa kayan mutane da yawa a biya gwargwadon wurin da aka ci, sai dai wannan hanyar ta fi jinkiri. Ki nemi farashi daga kamfani uku, su zo su ga kayan da idonsu ko ta bidiyo, kuma ki tambaye su a rubuce, kuɗin nan daga ƙofa zuwa ƙofa ne ko daga tasha zuwa tasha? Anan ake kama mutane, a baki farashi mai daɗi, kaya su isa sai kuɗin sauke kaya, kuɗin ejan, kuɗin binciken kwastam, da kuɗin jinkiri da ake lissafawa kullum in kwantena ta wuce kwanakin da aka ɗiba mata. Na taɓa ganin iyalin da kayansu suka riga takardar zamansu isa, kwantena ta zauna a tasha makonni, abinda suka biya ya kusa kuɗin kayan. Ki duba ko kamfanin yana cikin ƙungiya irin FIDI, wato ƙungiyar kamfanonin ɗaukar kayan masu ƙaura daga ƙasa zuwa ƙasa. Ki kuma sani kwalin da kika ɗaure da kanki inshora yawanci bata biyan abinda ya fashe a ciki. Ƙasashe da dama suna yafe haraji kan kayan gidan mai ƙaura amma da sharaɗi, a Birtaniya sai kin mallaki kayan aƙalla wata 6, kin zauna a waje wata 12, kuma ana neman izinin ne kafin kaya su taso.

Takardu na asali, gwal, magani, duk a jakar hannu. Ki ɗauki hotonsu ki ajiye a imel.

Gida kada ku biya kuɗin haya mai tsawo daga nesa. Hotuna masu kyau, farashi mai sauƙi, mai gidan wai yana tafiya ku turo kafin alƙalami zai aiko da makulli, wannan damfara ce tsohuwa. Ku kama wurin sati uku ko huɗu, ku je ku gani da ido. Ki dai tabbatar wurin zai baku shaidar adireshi, dan a Jamus misali dole a yi rajistar adireshi cikin kwana 14 da tarewa da takardar mai gida, daga nan lambar haraji ke fitowa. Banki na son adireshi, mai gida na son asusun banki, abinda ke warware wannan ƙullin sau da yawa wasiƙa ce daga wurin aiki, maigida ya nema tun yanzu.

Albashin farko baya zuwa da wuri, ga kuɗin ajiya na haya ga kayan gida, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, ku tanadi abinda zai riƙe ku wata uku. In tsabar kuɗi kuka riƙo, daga Yuro 10,000 a Tarayyar Turai sai an bayyana, a Amurka abinda ya haura Dala 10,000 kuma na iyali gaba ɗaya ake haɗawa. Kada ku rufe tsohon asusu, kada kuma ku bar tsohon layin waya ya mutu, ta nan banki da imel suke turo lambar sirri. Ku je wajen lauya a rubuta takardar wakilci ga mutum ɗaya amintacce, a fayyace abinda aka bashi iko a kai.

In ɗayanku yana tuƙi ya karɓi lasisin ƙasa da ƙasa kafin tafiya, a ƙasar da ta bada lasisinku ake yin sa. A Jamus lasisin da ya fito daga wajen Tarayyar Turai wata 6 yake aiki ga wanda ya zo zama, a Birtaniya wata 12, bayan nan sai nasu. Ya kuma karɓi wasiƙa daga kamfanin inshorar motarsa mai nuna shekarun da yayi ba hatsari, wasu kamfanonin can suna rage kuɗi da ita. Ki turo min sunan ƙasar da shekarun yaran sai mu duba maganar makaranta, dan lokacin fara zangon karatu ya bambanta.