Ga mai shekara 46 a Italiya da ke son komawa gida ya ƙarasa gini

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga arewacin Italiya, ya ce bana ya cika shekara 46 da haihuwa, 11 daga ciki ya yi su yana aiki a can, amma da ya zauna ya yi lissafi a ƙarshen shekara sai ya tarar ba shi da ajiya, ga ginin da yayansa ke kula da shi a Kano har yau bai kai ga rufi ba. Niyyarsa ta sabuwar shekara ita ce ya koma gida ya yi wata takwas ya ƙarasa ginin da kansa, kafin nan kuma ya ba wani dillali Yuro 2,000 don ya gaggauta masa samun takardar zama ɗan ƙasa. Har yanzu takardar zama ta shekara biyu-biyu yake sabuntawa.

Malam, lissafin da ka yi abu ne mai kyau, domin mutane da yawa ba sa zama su yi shi sai ƙarfi ya fara ƙarewa. Sai dai niyyoyin nan biyu da ka ƙulla za su mayar da kai baya, kuma zan fara da tafiyar.

Tun shekara shida da suka wuce ya kamata a ce ka nemi takardar zama ta dogon lokaci, wadda dokar Italiya ke ba wanda ya yi shekara biyar a kan ƙa'ida, yana da kuɗin shiga da zai nuna, ya kuma ci jarrabawar Italiyanci a matakin A2. A cikin shekara biyar ɗin da ake ƙidayawa, ba a yarda mutum ya bar ƙasar fiye da wata shida a jere ba, ko fiye da wata goma idan an haɗa duka tafiye-tafiyensa. Wata takwas ɗin da kake shirin yi a gida zai katse maka wannan ƙidaya, ga kuma aikin da da wuya ka dawo ka same shi yana jiranka. Idan kuwa takardar ta shiga hannunka tukuna, kana iya tafiya ka daɗe, matuƙar ba ka cika wata 12 a jere a wajen Tarayyar Turai ba. Ginin da ya yi shekaru yana jira zai iya jiran wasu 'yan watanni.

Batun dillali kuwa, kada ka ba shi ko kwabo. Neman zama ɗan ƙasa ta intanet ake yinsa, a shafin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuɗin gwamnati Yuro 250 ne, kuma doka ta ba hukuma wata 24 zuwa 36 ta yanke hukunci. Babu wani mai jaka a bakin Questura, ofishin 'yan sanda da ke ba da takardun zama, da ke da ikon taƙaita wannan lokaci. Na ga wanda dillali ya haɗa wa takardar ɗaukar aiki ta bogi, aka gano, ya rasa kuɗinsa, takardar zaman da yake da ita ta halas ma ta shiga matsala. Na ga wani da aka sayar wa adireshin gidan da bai taɓa kwana a ciki ba, aka zo bincike ba a same shi ba, aka goge sunansa daga rajistar mazauna gari, alhali shekara goma da ake buƙata kafin neman zama ɗan ƙasa da wannan rajistar ake ƙidaya su. Ofisoshin patronato na ƙungiyoyin ƙwadago suna taimakawa wajen cike takardun zama, can za ka je. Wani abin da dillalin ba zai gaya maka ba shi ne, mai takardar dogon lokaci an ɗauke masa kawo shaidar harshe ta matakin B1 da ake nema tun 2018 wajen neman zama ɗan ƙasa.

Ka ambata cewa wani ɓangare na albashinka a hannu ake ba ka, ba ya shiga takarda. A shekarunka wannan asara ce babba, domin kuɗin fansho da ake zubawa a INPS, hukumar fansho ta Italiya, daga albashin da ke rubuce ake cire shi. Fansho a Italiya daga shekara 67 ake fara karɓa, kuma wanda ya koma ƙasarsa ba ya rasa haƙƙin abin da aka tara masa. Ka nemi bayanin gudummawarka daga INPS a cikin watan Janairu, ka ga shekara nawa aka rubuta maka a cikin 11 ɗin nan.

Sai maganar gida, wadda na ga ita ce ta fi hana ka barci. Kula da Hajiya wajibi ne a kanka, kada ka rage mata komai. Amma ginin da ake aika wa kuɗi shekara da shekaru ba tare da mai shi ya ga takardar fili da sunansa ko rasit ɗin siminti ba, akwai tambaya a kansa, kuma tambayar ba rashin kunya ba ce. Bai dace ba 'yan'uwa su ɗauki ɗan ci-rani kamar rijiyar da ba ta ƙafewa, suna jin daɗin saƙonsa ba tare da sun taɓa tambayar yadda yake kwana a lokacin sanyi ba. A wannan magana ina bayanka. Ka kira Yaya cikin girmamawa, ka ce masa bana za ka dakatar da kuɗin gini na wata shida don ka gyara takardunka, ka kuma roƙe shi ya turo maka hoton takardar filin da lissafin abin da aka kashe zuwa yanzu. Idan ka ga zai ɗauki abin da zafi, ka sa wani dattijo a dangi ya shiga tsakani, ya kuma je ya ga ginin da idonsa.

Kuɗin da ka dakatar ka buɗe musu asusu na daban da sunanka. Ka duba ranar ƙarewar fasfo ɗinka, domin ba za a sabunta shi a ofishin jakadancin Najeriya da ke Roma ba sai da lambar NIN, sannan ka yi rajistar darasin Italiyanci a makarantar manya ta CPIA mafi kusa da kai kafin ka nemi ranar jarrabawa.