Hukuncin Neman Wani Aiki A Ɓoye Alhali Kana Kan Aiki

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa. Albashi ba ya zuwa kan lokaci, wani sa'in sai an shiga wata na biyu, ga shugabanmu da cin mutunci a gaban jama'a. Na fara neman wani aiki ba tare da saninsu ba. Nakan yi amfani da kwamfutar ofis wajen tura takardu, kuma ranar da aka kira ni intabiyu sai na ce musu ba ni da lafiya. Wani abokina ya ce in ƙara shekarun gogewa a takardar bayanaina, don kowa haka yake yi. Malam, ina da laifi, tunda su ma suna zaluntata?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya kawo maka mafita, ɗan'uwa.

Neman wani aiki halal ne, kuma ba dole ba ne ka sanar da su. Ɓoye sirrinka daban, ƙarya daban. Bayyana ƙwarewarka ma ba laifi ba ne, don Annabi Yusuf (AS) ya ce da sarki ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, shi mai tsarewa ne, masani, kamar yadda ya zo a aya ta 55 cikin Suratu Yusuf.

Abin da ake yi maka kuwa, idan yadda ka faɗa ne, zalunci ne. Na ce idan yadda ka faɗa ne saboda ɓangare ɗaya na ji. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa mutum uku Allah da kanSa ne abokin shari'arsu ranar alƙiyama, daga cikinsu akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi ladansa. Jinkirin mai hali wajen biya shi ma Annabi (SAW) ya kira shi zalunci. Kana da damar ka nemi haƙƙinka da baki da rubutu, ka kai ƙara inda ake kaiwa, ka kuma ajiye aikin.

Sai dai inda ka ce tunda su ma suna zaluntarka, nan ne nake so mu ɗan daɗe. Malaman fiƙihu sun raba ɗan ƙwadago gida biyu. Akwai wanda ake biya a kan aikin da ya gama, kamar tela, wanda yake karɓar ɗinkin mutane da yawa, lokacinsa nasa ne. Akwai kuma wanda ake biya a kan lokacinsa, shi suke kira ajirun khas, kuma mai albashin wata a nan yake. Sa'o'in da ka sa hannu a kansu ka riga ka sayar da su, ban da lokacin sallah da abinci da abin da aka saba yafewa. To idan ka sa hannu a rajista da safe, ka zauna kan kujerarka, takardun kamfani a buɗe a gefe ɗaya na allon kwamfuta, kai kuma kana can ɗaya gefen kana cike fom na wani wuri, da ka ji takun oga sai ka rufe, wannan rufewar da kake yi da sauri ta isa ta gaya maka hukuncin. Annabi (SAW) ya ce zunubi shi ne abin da ya yi maka kaikayi a rai, ka ƙi mutane su gani, kamar yadda Muslim ya ruwaito.

Wani zai ce ai ramuwa ce. Gaskiya akwai mas'alar da malamai suka yi saɓani a kanta, ta wanda aka hana shi haƙƙinsa sai ya samu damar ɗauka da hannunsa. Masu halattawa sun kafa hujja da Hindu bint Utba, wadda Annabi (SAW) ya ce ta ɗebi abin da zai ishe ta da 'ya'yanta daga dukiyar mijinta Abu Sufyan, da yake ba ya ba ta abin da zai ishe su. Masu hanawa sun riƙe hadisin Abu Dawud da Tirmizi: ka mayar da amana ga wanda ya amince maka, kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. Amma ko masu halattawar sun sa sharaɗi: haƙƙin ya zama tabbatacce, a ɗauki daidai gwargwadonsa, kuma a aminta daga fitina da zubewar mutunci. Kai kuma albashinka jinkirta shi ake yi, daga baya a biya ka cif. Idan ka rage aiki a ɓoye sannan ka karɓi kuɗin wata cikakke, me ka rama? Bashi ka ɗora wa kanka. A fahimtata, ka fito fili ka ce ba za ka ci gaba ba sai an biya ka, wannan yana da fuska a shari'a. Satar lokaci ba ta da ita. Tura saƙo ɗaya ko amsa waya na ɗan minti, wanda shugaba ko ya gani ba zai damu ba, wannan ba komai.

Cewa ba ka da lafiya ƙarya ce, ka yi istigfari. Ranar kuma ka cire ta daga hutunka na shekara ko ka rama aikinta. Gaba ka ce kana da wata lalura ta kanka, kana neman izini. Gaskiya ka faɗa, kuma babu wanda ya wajabta maka bayani.

Shawarar abokinka kada ka ɗauka. A hadisin Asma'u bint Abubakar (RA) da ke Bukhari da Muslim, mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafin ƙarya biyu ne. 'Yar dattijon Madyana da ta ba mahaifinta shawarar ɗaukar Annabi Musa (AS) aiki, siffa biyu ta ambata a aya ta 26 cikin Suratul Ƙasas: mai ƙarfi, amintacce. Wanda ya ƙara shekaru don a ga ƙarfinsa ya zubar da amanarsa tun kafin ya shiga ƙofa, ya kuma tare wa wani mai gaskiya gurbi. Ka tsara abin da ka iya da kyau, ka sa mafi ƙarfinsa a gaba, ba a ce ka jera rauninka ba.

Idan an tambaye ka a intabiyu dalilin barin wurin da kake, ka iya cewa ana jinkirta albashi, aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar faɗa. Ka tsaya a nan, kada ka shiga tonon sirrin kamfani ko halayen shugabanka na gida.

Idan Allah Ya sa ka samu, duba takardar yarjejeniyarku. In akwai sharaɗin ba da notis na wata guda ko makamancinsa, ka cika shi, don Musulmi suna kan sharuɗɗansu, sai dai in sun yafe maka ko hukumar da ke sauraron ƙorafin ma'aikata ta warware maka saboda rashin biya. Ka miƙa kayansu da takardunsu, kada ka kwafi bayanan abokan cinikinsu. Albashin da kake bi kuma ka nemi a rubuta maka shi da sa hannu kafin ka fita, don bashi ne, barin aiki ba ya kayar da shi.

Wallahu a'alam.