Shokan gaba mai ruwan zinare, da sauran tambayoyinku

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan gaban babur suka tsaya. Da alama damina ta gama aikinta a titunan Kumasi, yanzu saura biyan kuɗin gyara.

Wani mai kai saƙo da babur daga Sawaba ya ce: "Baba, da na taɓa birki sai gaban babur ya nutse, in na hau tudun rage gudu kuma sai in ji ƙwas a hannuna. Fita, wato bakanike, ya ce a canza shokan gaban baki ɗaya."

Ɗana, kada ka canza komai tukuna. Tambayi kanka yaushe rabon da a zuba wa shokan nan sabon mai. Na san amsar: tun daga kamfani. Cikin kowace ƙafa ta shokan gaba akwai sifirin, akwai mai. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, man kuma, da yake ratsa wasu ƙananan huji, shi ke hana sifirin ɗin nutsewa da tashi yadda ya ga dama. Idan man ya tsufa ya tsinke, ko ya ragu, ga nutsewar da kake ji. Ka sa a kwance ƙafafun biyu a gabanka, a juye tsohon man, za ka ga baƙin ruwa mai wari. A wanke ciki, a sa sabon sil, wato robar da ke tare man, a zuba man shoka na gaskiya, mai lambar kauri 10W ya ishi yawancin ƙananan babura, mai ɗaukar kaya kullum yana iya gwada 15W. A auna da sirinji don ƙafafun su zo daidai da juna. Kada ka yarda a zuba maka ragowar man inji da ido. In bayan wannan ƙwas ɗin bai tafi ba, a duba boris ɗin wuya, sau da yawa shi ne mai ƙarar ake ɗora wa shoka laifi.

Wani saurayi daga Aboabo, mai babur ƙirar Boxer: "Na ga shoka mai ruwan zinare a Magazin, unguwar masu gyara da kayan gyara ta Suame, irin mai kai ƙasa ɗin nan na manyan babura. An rubuta Öhlins a jiki. Mai shagon ya ce kuɗin tayoyi biyu zai bar mini. In ɗauka?"

Ajiye kuɗinka a aljihu ka zauna, wannan maganar tana da tsawo.

Öhlins kamfanin Suwidin ne, tun 1976 yake ƙera shoka, kuma a kan baburan tsere ya yi suna. Cikakken shokan gabansa na asali ya fi sabon Boxer ɗinka tsada. To wane irin tausayinka mai shagon nan yake ji da zai ba ka shi a kuɗin taya biyu? Abin da ka gani bututu ne aka rina, aka manna masa sitika. Sitikar ma ana sayar da ita daban, da kanka za ka iya manna ta a jikin keke.

Ba na cewa Suame Magazine matattarar jabu ce. Wurin nan yana cikin manyan cibiyoyin masu gyara da ƙira a Afirka ta Yamma, akwai masu hannu a can waɗanda in suka taɓa inji sai ka sara musu. Amma kasuwa tana kawo abin da ake nema ne, yaranmu kuwa launi suke nema. Ba mai shiga shago ya tambayi kaurin bututu ko irin ƙarfen da aka yi shi da shi. Tambayar kullum ita ce akwai ja, akwai mai ruwan gwal. Daga nan sai a ɗauki hoto a sa a Facebook. Yaro ya yi wata uku yana tara sidi a susu, wato adashi, ya cire shokan da injiniyoyin Bajaj, kamfanin da ke ƙera Boxer, suka auna da nauyin babur ɗinsa, ya maye shi da wanda ba wanda ya san masana'antar da ta yi shi. Tsohon shokan kuma ya bar wa fita kyauta, fita ya sa masa mai da sil ya sayar wa mai hankali.

Ga abin da mai shagon ba zai gaya maka ba. Shi mai kai ƙasa, bututun mai kauri ne a sama, shi ya sa na gaskiyar ya fi ƙarfi wajen birki mai tsanani. Wannan kaurin ba zai shiga ƙarfen wuyan da ke riƙe ƙafafun Boxer ba. Dole a canza ƙarfen wuyan, sai a ga sandar da ke ratsa wuyan ba ta zo daidai ba, sai a kai wa mai walda. Sandar taya ta yi gajere ko ta yi sirara, a cusa wasa, wato ɗan zoben ƙarfe. Birkin gaban naka in na ganga ne, akwai ɗan kunnen ƙarfe a jikin ƙafar shoka da ke riƙe farantin birkin kada ya juya tare da taya. Sabon ba shi da wannan kunnen, sai a ƙirƙiro masa. Ka lissafa wurare nawa ke nan aka yi dabara a daidai inda ranka ya rataya. Kuma ranar da sil ɗinsa ya fashe, man yana sama ne, kai tsaye zai gangaro kan birki.

In ka ƙi ji sai ka je, to ka gwada shi a shagon. Kafa ƙafa ɗaya a ƙasa ka danna da nauyinka ka saki. Na kirki zai taso a hankali ya tsaya. Jabu zai yi tsalle ya dawo, don kusan sifirin ne kawai a ciki. Murɗa ɗan maɓallin da ke samansa, wanda aka ce na saiti ne. Na gaskiya yana ƙas-ƙas, yana da inda yake tsayawa, kuma za ka ji bambanci in ka sake dannawa. Na ado juyawa kawai yake yi har gobe. Sannan ka tambayi mai shagon ko yana da sil ɗinsa in ya lalace, ka dubi fuskarsa.

Kuɗin tayoyi biyun nan, ka sayi tayoyi biyun.

Wani bai faɗi unguwarsa ba: "Ina so a ƙara wa shokana tsawo gaban ya ɗaga, don ya fi kyau."

Ya fi kyau a wurin wa? Tsawon shoka shi ke saita yadda babur ke shan kwana. Ka ɗaga gaba, nauyi ya koma baya, kan ya yi sakwa-sakwa, wayar birki ta ɗame. Masu yin haka guntun ƙarfe suke ɗaurawa a saman sanda, wurin da ya fi ɗaukar wahala. A'a.

Wata uwa daga Asawase ta rubuto: "Malam, ɗana yana zuwa makaranta da babur. Na lura ƙafar gaban ɗaya kullum a jiƙe take da mai, ya ɗaura mata tsumma. Ya ce ba komai. Hankalina bai kwanta ba."

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, idonki ya ga abin da masu babur da yawa ke wucewa. Ki kwantar da hankalinki, gyaran ba mai tsada ba ne, amma ba na jira ba ne. Robar da ke tare man ce ta mutu. Tsumman yana ɓoye yoyon ne kawai, man yana ci gaba da raguwa, ƙafa ɗaya tana aiki ɗaya ba ta yi, kuma in ya kai ga birki, birkin ba zai kama ba. Ki ce ya kai a canza sil na ƙafafun biyu tare, ko da ɗaya ce ke yoyo. Kafin a sa sabo, ya shafa farcensa a jikin sandar mai ƙyalli. In ya ji ƙuraje-ƙurajen tsatsa, su suka yanka tsohon, kuma za su yanka sabon cikin 'yan makonni, don haka sandar ce za a canza. Ya sa a saka masa robar nan mai lanƙwasa da ke rufe sandar, tana tare ƙurar hunturu da taɓon damina. In kin ga yana jan ƙafa, ki riƙe makullin har sai ya kawo miki tsohon sil ɗin a hannu. Allah ya tsare mana su.

Daga Nima a Accra, wani mai babban babur homyus, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, 600cc: "Nauyina ya haura kilo 100. Shokan lafiyarsa lau, amma ya yi mini laushi. Me zan ƙara?"

Alhaji, kai ne mai tambayar da ta cancanci a kashe mata kuɗi. Fara da awo. A ɗaga gaban har taya ta bar ƙasa, a auna tsawon sandar da ke waje. A sauke, ka hau da hular kwano da duk abin da ka saba ɗauka, wani ya riƙe maka babur ɗin, a sake aunawa. Bambancin ya kamata ya zama kwata zuwa sulusin tafiyar shokan, wato milimita 30 zuwa 40 a shokan da ke tafiyar milimita 120. In ya wuce haka sosai ko bayan ka ɗaure saitin sama da ke matse sifirin, sifirin ya yi maka rauni, sai ka nemi mai ƙarfi da aka yi wa samfurin babur ɗinka, tare da sabon mai. Wannan kaɗai yana sauya babur fiye da yadda ake zato. Sama da shi akwai katirij, wato a canza kayan cikin ƙafar da masu bawul, sai dai yana son fita da ya taɓa yi kuma yake da kayan aikin. In kuma wani cikakken gaba za ka ɗauko a Abossey Okai, kasuwar kayan gyara ta Accra, nemi na kamfanin Showa ko KYB da aka ciro daga babur irin naka, ka je da abin awo: kaurin sanda, tsawo, kaurin sandar taya, da tazarar hujin da birki ke ɗaurewa. Ka tuna kayan homyus da yawa daga baburan da suka yi hatsari aka ciro su, gaba kuwa shi ke fara dukan abu.

Na ƙarshe, daga Tafo: "Na daki bayan trotro, wato bas ɗin haya, sandar shoka ta ɗan lanƙwashe. An ce ana miƙarwa."

Sannu da arziki. A zare sandar a mirgina ta a kan gilashi ko tebur mai shafe. In lanƙwasar ba ta wuce a ga ɗan haske a ƙarƙashinta ba, mai injin matsewa da ya san aikinsa zai iya miƙar da ita. In akwai ƙulli ko tsaga a jikin ƙarfen, ko aka ce za a gasa ta da wuta, jefar ka sayi biyu sababbi. Ka sa a duba ƙarfen wuyan ma, da wuya sanda ta lanƙwashe shi ya tsira.